Goggo Kusum, wadda ta kai rawa cikin teku

Tun da asuba Goggo Kusum Tandel tana bakin teku a Versova, unguwarmu ta masunta, ta ɗaure zane tamau, tana cinikin kifi da muryar da ke tada unguwa. Da la'asar sai ta wanke ƙarni, ta soka fure a gashi, ta kama aikin da ba mai biyan ta, wato koyar da rawarmu ta Koli, rawar masunta.

Akwai shekarar da rawar nan ta kusa kuɓuce mana. Yaranmu sun daina shiga teku, rawar ma sun manta ta, har dattawa suka ce a ɗauko hayar 'yan rawa don bikin kwakwa, ranar da muke jefa wa teku kwakwa kafin jirage su koma kamun kifi.

"Haya?" in ji Goggo. "To gobe ma ku ɗauko hayar masu yi mana kukan mutuwa!"

Ta tara samari da 'yan mata, ta raba musu ƙananan filafilan rawa, irin sandunan tuƙa kwale-kwale. Da ta ga yadda Bhaskar, jikan maƙwabcinta, ke kaɗa nasa, sai ta riƙe baki.

"Kai ɗan nan, jirgi kake tuƙawa ko sauro kake kora?"

Washegari ta kwashe su a kwale-kwalen ƙaninta, ta hana kowa zama. Igiyar ruwa ta wujijjiga su son ranta, Bhaskar ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi. Suka sauko suna tangaɗi.

"Yauwa!" in ji ta. "Kada ku saki tangaɗin nan, shi ne rawar. A buga ganga!"

Daga shekarar nan ba a ƙara zancen haya ba.

A bana gwiwar Goggo ta ce ta gaji, sai Goggo ta miƙa wa Bhaskar jagoranci. Ranar biki tana kan kujera tana fifita, Bhaskar ya biyo da sahun 'yan rawarsa, ya ɗaga murya: "Goggo, sauro kike kora?"

"Ja'iri!" Ta yar da mafici, ta fizge filafilinsa, ta shiga gaba. Na yi dariya har da hawaye.

Goggo, ke ce kika hana mu zama 'yan kallo a bikinmu. Mun gode, uwar masunta. Duk mai abin gado a hannu, ya yi koyi da ke, ya sa yara a jirgi tun gwiwarsa tana ɗaukar sa.