Inda Aka Binne Cibiyar Ɗana

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, lokacin mulkin soja, aka gina wani dogon bene can wajen Minanata, aka ce na ma'aikata ne, kowa zai mallaki sashensa. Motocin siminti daga Kalambaina suka yi ta zirya har ginin ya kai hawa shida. Maigidana yana da ɗan muƙami a ofis, sai aka ba shi zaɓi, ya zaɓi hawa na ƙarshe. Ya ce manya a sama suke zama. Ni ma abin ya yi mini daɗi, duk wanda ya zo sai na ja shi bakin taga na nuna masa gari.

Hawan ƙasa kuwa ƙananan ma'aikata aka bar wa. Sashen da ke saitin tagarmu wani akawu aka ba, shi da matarsa, wata gajeruwa mai yawan dariya. Bayan kicin ɗinta akwai ɗan fili da magina suka manta ba su shafe da siminti ba, har da ƙaramin dogonyaro a tsakiya. Mijinta ya kewaye wurin da zana. Ranar da na fara leƙowa na hango zanar nan dariya na yi, na ce an kwaso mana ƙauye an kawo birni.

Ba a je ko'ina ba dariyar ta koma ciki. Lif ɗin da muke taƙama da shi ya tsaya cak, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Turai, ƙarfen da har muka bar gidan bai iso ba. Ruwan famfo in ya hau zuwa hawa na uku sai ya gaji. Masu ga-ruwa da sun ji an ce sama sai su ce an riga an saye. Ranar da na ɗora turmi zan daka gero, matar da ke ƙarƙashina ta aiko cewa fitilarta na rawa, washegari maza suka zauna suka hana daka a bene. Da bazara ta zo, rufin simintin da ke kanmu ya riƙa shan rana yini guda yana juye mana ita a ɗaki, ga shi babu tsakar gidan da mutum zai shimfiɗa tabarma. Ko 'yar Fulani mai nono ba ta hawowa. Sai in zura kwano da igiya ta taga, kafin ya isa ƙasa matar akawu ta riga ta zaɓe kindirmon kirki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk ina ganinta. Ina ganin tana daka, tana shanya, kajinta na tono, baƙi na zaune a inuwa suna shan fura. In ta ɗaga kai ta hango ni sai ta ɗago mini hannu. Da ma muguwa ce da na samu abin faɗa. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, shi ya sa kishinta ya zauna mini a ƙirji ba inda zan sauke shi.

A haka na samu ciki na biyu. Haihuwar fari gida na je na yi wanka, amma wannan karon maigida ya ce in zauna, ga asibiti kusa, ga baho a banɗaki. Ranar da na haihu aka ɗauko mahaifiyata daga cikin gari. Inna tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta hawo benen nan tana hutawa a kowane hawa, hannunta riƙe da kwanon da aka rufo mabiyiyar jaririn daga asibiti. Ta ƙi bari kowa ya karɓar mata. A gidanmu ba a yar da mabiyiya, wanke ta ake yi a binne ta da ragowar cibiya a cikin gidan da yaro zai tashi.

Da numfashinta ya dawo, ta dubi risho, ta leƙa baho, ta taka daɓen da ƙafa.

"To ke, ina anka aje ƙasa cikin gidanga?" in ji ta.

Na ce, "Inna, nan sama ne, babu ƙasa."

"Icce hwa, ina za a hura shi? Ko da ruwan shayi za ki wankan jego?"

Ta ɗauki kwanonta ta juya. Na lallaba da ɗanyen jikina zuwa taga, ina kallo ta isa bakin zanar nan ta yi sallama. Matar akawu ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa a buta, ta kawo fartanya. Ita da hannunta ta yi tonon a gindin dogonyaro, Inna ta sa mabiyiyar a ramin, suka mayar da ƙasa suka danne da dutse. Na koma gado na yi kuka, maigida ya ɗauka zafin haihuwa ne.

Daga nan komai ya koma ƙasa. Can aka girka tukunyar wanka, ganyen da ake fyaɗa mini ruwan zafi da shi ma daga bishiyarta ake karyowa. Kunun kanwa ita ke damawa, kuma sai na faɗi gaskiya, ta iya. Ta ce in dawo ɗakinta in zauna har in yi arba'in, na ce na gode, na gwammace in yi ta hawa da sauka safe da yamma ina dafa bango. Inna dai ta ce ita ta yi hawanta na farko da na ƙarshe, a ɗakin matar ta sauka. Da rana jaririn yana wurinsu.

Ranar suna na share sashena, na shimfiɗa sabuwar leda, na rataya labulen da na ɓoye tun ina da ciki. A ƙasa aka yanka rago, a ƙasa aka soya. Mata suka cika inuwar nan, tsofaffi suka ce a gaishe ni, gwiwa ba za ta bari ba. Da na gaji da zama ni kaɗai da kujeruna na sauko, sai na tarar da ɗana a cinyarta, baƙi na yi mata barka tana amsawa.

Bayan arba'in Inna ta koma gida, amma duk Juma'a sai ta zo, kuma wurin matar take sauka, a aiko a ce in sauko. Har "ɗiyata" na ji tana kiran ta. Yaron kuwa da ya fara rarrafe, ƙofa yake nufa. Kafin ya iya hawan matakala ya iya saukarta da baya da baya. Wata rana na je ɗaukar sa, ya riƙe zanenta ya ɓoye fuska. Na juya wurin Inna raina a ɓace, na ce ta ga abin da ta jawo mini.

Ko kallona ba ta yi ba, tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Mi kika so shi yi? Nan anka bizne cibiyatai."

Na ce, "To a tone a ba ni abina."

Sai a lokacin ta ɗago. "Ki kai ta ina? Ki rataya ga taga?"

Matar akawu ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ban yi ba.

Mun daɗe da barin benen, yanzu ina da tsakar gida har da bishiyoyi biyu. Ita tana nan inda take, dogonyaron ya kai tagar hawa na uku. Ɗan nawa ya girma, yana aiki a wani gari. Makon jiya ya zo ganin gida, ya yi sallama ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye mini ƙwaryar fura rufe da faifai. Ban tambaye shi daga ina ba, na san faifan. Daga tasha can wurinta ya fara sauka, kamar kullum.

Na dama furar na sha, ina sha ina jin haushi, don har yau ta fi tawa daɗi.