Ya Ari Bai Yi Niyyar Sauka Kogi Shi Kaɗai Ba

Yau Talata, ƙarfe shida da minti arba'in na safe, maƙwabcin Ya Ari ya buga mini waya. Masunta sun ga gawarsa a kogin Komadugu, ƙasa kaɗan da gonarsa ta tattasai. An yi masa sutura ƙarfe goma da rabi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga maƙabarta na zo siber, shagon intanet, kai tsaye, domin na ji wata magana a can wadda ya zama dole in gyara.

Ga waɗanda ba su san shi ba: mai gyaran injin ban ruwa ne a nan Diffa. A ƙuryar shagonsa akwai tsohuwar kwamfuta da ake koyon tuƙin jirgin sama a cikinta. Shi bai taɓa shiga jirgi ba.

Da na dawo daga Yamai da lisans ɗina, wato digirin jami'a, ba aiki, shi ya ba ni kujera. Kullum bayan la'asar. In ya sayi kifi banda, da ni yake sayowa, bai taɓa tambaya ko na ci ba.

Na zaci tashi zai koya mini. Sati uku muna ƙasa. Sai tafiyar da babban jirgi daga wurin ajiya zuwa bakin titin tashi, da inji ɗaya, don tattalin mai. In na hagu ne a kunne, jirgin sai ya riƙa karkata dama. Sau goma sha ɗaya na shigar da shi ciyawa. Na ƙirga.

Yakan ce, "Kai Badamagare, fasinja ɗari ka ɗauko, ba buhun gero ba. A hankali."

Dokarsa ɗaya ce: wannan aiki na mutum biyu ne. Mai tuƙi idonsa na kan layi. Na biyu shi ke kunna ɗaya injin, ya duba zafinsa, ya faɗa da baki. Ko wasa ne, in ba ni nan ba ya yi. A gona ma haka yake. Ba ya sauka bakin ruwa sai da mutum a tudu riƙe da igiya.

Ranar Lahadi ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Karo na farko na kai jirgin bakin titi ban taka ciyawa ba. Ya kashe kwamfutar ya ce, "Ƙane, ruwa ya hau. Gobe da safe ka raka ni in janye injin ban ruwa sama kafin kogi ya cinye shi. Igiya kawai za ka riƙe."

Na ce gobe zan kai dosiye, takarduna na neman aiki, ana rufe karɓa ƙarfe sha biyu.

Ya yi dariya. "To, babban ma'aikaci. Je ka. Zan samu wani."

A maƙabarta na ji mutum biyu suna cewa ganganci ya yi, mutum mai iyali ya sauka kogi shi kaɗai. 'Ya'yansa za su girma su ji wannan. Saboda haka nake rubutawa a inda kowa zai gani: ya nemi na biyu. Ni ya nema. Na gama ajiye dosiye ƙarfe tara da kwata, kuma daga nan zuwa gonar minti ashirin ne a babur. Gida na koma.

Na san ajali ba ya jira. Amma kada a ɗora masa abin da ba halinsa ba.

Abin da har yanzu ba a sani ba:

Ƙarfe nawa ya shiga ruwan.
Ko ya nemi wani bayan ni.
Ko santsi ne, ko gaɓar ce ta zabtare.
Me ya sa aka tarar da igiyar ɗaure a jikin itace, ɗaya bakin kuma ba a ɗaure da komi ba.
Ko da ina tsaye a tudun, da na iya jawo shi.

Allah Ya jiƙan Ya Ari, Ya karɓi shahadarsa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In an gama tasa, a roƙa mini gafara ni ma.