Stamatiya da Fuskar 'Yarta

A ƙauyenmu da ke kan dutse, can sama da birnin Volos, idan kan yaro ya sara ba dalili, ko mace ta wayi gari jiki a mace, ba asibiti ake fara nufa ba. Gidan Kiriya Stamatiya ake zuwa, wato uwargida Stamatiya a yarenmu, don ita ce mai cire mugun ido. Za ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsoma yatsa a man zaitun na fitilar da ke gaban hoton Panagiya, uwar Yesu, ta ɗiga a ruwan tana motsa leɓe. In man ya watse, to an yi maka ido. Sai ta kama hamma, hawaye na zuba, har ciwon ya sake ka. Amma fa akwai ƙa'ida: ba a yi mata godiya. Kana cewa "na gode", aikin ya lalace. Don haka tun tana budurwa har ta yi furfura, mutane suke shiga gidanta da ciwo su fito garau, su juya mata ƙeya ba ko uffan. Ba ta taɓa cewa abin yana damunta ba. Ni dai na san yana damunta.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya ɗaya tilo, Lemoniya, da ɗan lambun tuffa. Da shi ta rene ta. Takan dafa ƙananan tuffa cikin sukari, ta cika kwalabe, ta sayar wa baƙin da ke hawowa hutu. Doguwar mace ce, kullum cikin baƙaƙen kaya, ba ta roƙo, ba ta kuma barin ta-kwana.

Abu guda ne ya gagare ta, shi ma a cikin gidanta yake. Tun rasuwar uban, Lemoniya ta soma ƙwaƙular fatarta. Ɗan ƙurji ya fito a haɓa, sai ta sa farce ta bi shi har ya zama ciwo. Ciwon ya soma bushewa, ta ɓamɓare. Kumatu, dantse, ƙirji, duk tabo. Ana tsananin zafi za ka gan ta da riga mai dogon hannu, fuska ta sha hoda. Me Stamatiya ba ta yi ba? Ta ɗiga mai har kofunan gidan suka yi maiƙo. Ta hau da ita gidan sufaye a ƙafa. Ta yanke mata farce, ta sa mata safa a hannu, ta doke hannun da cokalin katako. Unguwar kaf an san ihunta: "Hannu!" Lemoniya za ta zabura ta sauke, jim kaɗan hannun ya koma.

Yarinya ta doshi talatin a haka, tana aiki a ofishin ƙungiyar manoman tuffa. Sai wata rana ta ce za ta riƙa sauka Volos duk mako wurin wata likitar tunani, Kiriya Danai.

"Wane magani take bayarwa?" in ji uwar.

"Ba magani, Mama. Magana muke yi."

"Magana! Ni da na shekara da shekaru ina miki, waƙa nake yi?"

Lemoniya ta yi mata bayani. Likitar ta sa ta lura da lokutan da abin ke taso mata: gaban madubin banɗaki, ko tana waya, ko in an ɓata mata rai. Kafin hannu ya tashi akwai wani ɗan tsikari da take ji a yatsu. Da ta ji shi, sai ta dunƙule hannu ta matse har ya wuce, ko ta ba yatsun wani abin yi. Sannan wannan tunanin da ke ce mata "cire wannan ɗaya kawai fuskar ta yi sumul", ta koyi ba shi amsa, don ƙarya yake yi mata. Ta rufe madubin da tawul. Ta ɗauko komboloi na ubanta, carbin wasan nan da maza ke kaɗawa a shagon kofi, ta riƙa yawo da shi a aljihu.

"Mace da komboloi, sai ka ce direban babbar mota," in ji Stamatiya.

"Akwai sauran ɗaya, Mama. Ta ce ki daina ce min hannu."

Tabɗi! Stamatiya ta ajiye ludayi. "Ta ce? Ita wa? Ta taɓa kwana a kanki kina zazzaɓi? Yarinyar da na tabbata ko tuffa ba ta iya ferewa ba, ita za ta aiko min da doka har cikin kicin ɗina?"

Ta daina ɗin, amma don ta nuna ba zai yi aiki ba. Abin haushi, sai ya yi. Kafin tuffa ta yi fure kumatun sun lafa. Kafin ta nuna, dantsen ya warke saura inuwar tabo. Kada ka ce uwar ba ta ji daɗi ba, ta ji. Sai dai duk daɗin a cakuɗe yake da wani ɗaci. Sunan Danai ya cika gidan, a ci da shi, a sha da shi. Ranar da ta ga Lemoniya ta zaɓi kwalba mafi kyau a kanta, ta naɗe ta da ƙyalle za ta kai Volos, sai da ta fita lambu ta tsaya. Tana jiyo ta a waya ta taga: "Na gode, Kiriya Danai. Na gode ƙwarai." Ita uwar ta fere tuffar nan, ita ta tsaya kan wuta, godiyar kuma ga wata. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ta san sunansa, don maganinsa take yi wa mutane.

Ranar idin Panagiya, tsakiyar Agusta, aka fito daga coci aka cika dandali ƙarƙashin babbar bishiya, masu kiɗa suka kama. Sai ga Lemoniya da riga mai gajeren hannu, fuska ba hoda. Mata suka yi caa a kanta. Kowace ta yaba sai ta yi ɗan tofi gefe, "ftu, ftu, ftu, kada ido ya kama ki", kamar yadda ake yi wa duk abin da ya yi kyau.

Zaharula, maƙwabciyarsu, wadda bakinta ba ya da linzami, ta zunguri Stamatiya. "Ke kuwa kin yi asarar mai! Da kin bar mu mun soya kifi da shi. Ga 'yar birni ta gama aikin da baki kawai."

Aka kwashe da dariya. Stamatiya ta yi yaƙe. Ta dubi 'yarta cikin layin rawa, dantse a waje, tana dariya da dukan fuskarta. Ta daɗe tana kallonta. A ranta ta ce, kai, yarinyar nan kyakkyawa ce, kuma ba ni na yi ba. Tofin ya zo mata har leɓe. Ta haɗiye shi. Duk dandalin nan ita kaɗai ce ba ta tofa ba, ita da ta fi kowa sanin abin da hakan ke jawowa.

Bayan idin da kwana kaɗan, Lemoniya ta fito karin kumallo da kumatu ɗaya a ɗaye, ja wur, har da ɗan jini a farce. Gaban uwar ya faɗi. Amma kafin faɗuwar gaban, wani abu ya riga shi, ɗan sanyi-sanyi: yau dai za ta dawo wurina. Da ta kama kanta da wannan tunanin, sai ta kawar da idonta daga kan 'yar.

Ta ja jiki ta ɗebo ruwa, ta ɗiga mai. Ya watse nan take. Hamma ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba, hawaye har wuya.

"Lemoniya," ta ce, "idona ne. Ni ce. Kowa ya tofa, ni na ƙi. Na kalle ki da baƙin ciki, ni uwarki."

Lemoniya ta dube ta, ta dubi kofin, ta girgiza kai a hankali. "Haba Mama. Ba idonki ba ne. Baƙin da suka kwana nan ne suka cire tawul ɗin madubi, ban mayar ba. Ga gajiyar idi, ga kowa na kallon fuskata. Danai ta riga ta gaya min zai dawo wani lokaci, kuma ba komawa farko ba ne. Na san abin da zan yi."

Ka ji fa! Ko laifin ma ba a bar mata ba. Ta shirya ɗaukar wannan zunubi a ka har kabari, sai ga shi tawul ya ƙwace mata. Warkewar ta Danai ce, ciwon na madubi. Ta zauna riƙe da kofi, ba ta da rabo a fuskar da ta haifa.

Suna nan zaune, sai yatsun Lemoniya suka soma motsi a kan tebur. Uwar ta gani. Kalmar nan ta "hannu" ta taso mata har haƙora, ta cije. Lemoniya ta dunƙule hannuwan, suna ɗan rawa, sannan ta turo su gabanta.

"Riƙe min, Mama. Kada ki ce komai. Yanzu zai wuce."

Stamatiya ba ta kai hannu nan da nan ba. "Wannan ma ita ta ce?"

"Ita cewa ta yi in matse hannu. Ba ta san naki ba."

Ta ture kofin gefe ta kama su. Hannuwan da ta sha dukansu da cokali ne, ga su da ɗumi, sun fi nata girma yanzu. Bakinta cike yake da magana, ta addu'a da ta faɗa da wadda ta tanadar wa Danai, ba ta furta ko ɗaya ba. Rawar ta lafa, ta ji ta lafa, amma Lemoniya ba ta janye ba, ita ma ba ta saki ba.