Safara'u Mai Lamba ta Dangora

Kafin shekarar agana, abin da na sani game da Iya Safara'u bai wuce daddawarta ba. Gidanta na ƙarshen unguwarmu a Dangora, daf da hanyar Ɗansoshiya, kuma ranar da ta buɗe kwandon kalwa ba sai an yi wa baƙo kwatance ba, hanci ke kai shi. Doguwar mace ce, mai zanzana a fuska, idonta na hagu ya yi fari fat. Ni Maijidda, lokacin ban daɗe da zuwa gidan mijina Bala ba, kuma gaskiya in na je saye ba na iya kallon fuskarta sosai.

Daga baya na ji labarinta a bakin surukata. Agana ta kama Safara'u tana goyon fari. Yaron ya rasu, ita ta tashi da ido ɗaya. Mijinta Sabo, manomi ne mai sanyin hali, ya riƙe ta da mutunci har Allah ya ɗauki ransa, amma ba ta sake haihuwa ba. Ƙanenta da ke Tudun Wada ya yi ta aiko mata ta koma wurinsa, ta ce ita da awakinta sun saba da nan.

Shekaru kaɗan kafin a ba da mulkin kai, bayan an gama kaka an cika rumbuna, cutar ta sake shigo mana. Wani falke ne ya dawo da zazzaɓi, kafin a ankara gida uku sun kamu. Dagaci ya sa aka kafa bukkoki a bayan gari, gindin wata tsamiya, aka riƙa kai marasa lafiya can. 'Yan'uwa sukan ajiye abinci daga nesa su yi kira, su juya. Wanda ya iya rarrafowa ya ci, wanda bai iya ba ya kwana da yunwa.

Safara'u ta ɗaure awakinta a gidan maƙwabta, ta tafi ƙofar dagaci ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, waɗanda aka kai gindin tsamiya, wa ke ba su ruwa?"

Dagaci ya ce, "Safara'u, wa zan tura? Kowa yana da iyali."

Ta ce, "Ni ka tura. Ta riga ta gama da ni tuntuni, ba abin da za ta ƙara yi mini."

Ranar ta ɗauki tukunya da tabarma ta koma can.

Ni nawa ya fara da ciwon baya, kamar an dake ni da taɓarya. Ina goyon ɗana Adamu, ko zama bai fara ba. Da ƙuraje suka feso, Safara'u da kanta ta zo tafiya da ni. Na ƙanƙame yaron ina kuka, na ce ba inda za ni ba tare da shi ba. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta tsuguna ta ce, "'Yata, ni na tafi da nawa. Ki bar shi wurin yayarki." Sai na sake shi. Yayata Luba, wadda ita ma take shayarwa, ta karɓe shi.

Abin da na gani a bukkar nan ba duka zan iya faɗa ba. Abin da na riƙe shi ne hannunta. Takan ɗaga kaina ta ɗura mini kunun tsamiya da ludayi kaɗan-kaɗan, don maƙogwarona ma ƙuraje ne. Ta naɗe mini hannuwa da tsumma kada in sosa. Safe da yamma sai ta tafasa ruwa ya huce, ta goge mini idanu, ta buɗe fatar da yatsa ko ina ihu. Takan ce, "Yi ihunki. Idon nan dai ba zan bari ya manne ba." Mutum biyu sun cika a bukkar da ke kusa da tawa, ita ta yi musu abin da ya kamata kafin maza su zo ɗauka.

Ina cikin samun sauƙi Malam Labaran ya iso. Malamin lamba ne, wato mai rigakafin agana, na En'e, hukumar gargajiya, ya zo daga Kiru a kan keke, da ɗan akwati naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Da ya ji akwai mai jinyar mutane a bayan gari, sai ya zo ya tsaya bakin zana suka gaisa. Ina kwance ina jin su.

Safara'u ta ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, mene ne wannan abin? Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu."

Ya ce, "Iya, ƙwayar cuta ce, amma ƙarama ƙwarai. Likitan da ya koyar da mu ya ce ko madubin asibitin Kano ba ya nuna ta. In aka tace ruwan ƙurji da matacin da ke tare sauran ƙwayoyin cuta, ita sai ta wuce abinta."

"To abin da ba ku gani ba, yaya kuka san yana nan?"

"Da aikinta. Masu bincike sukan sa ta cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako, in aka fasa bayan kwanaki sai a ga ƙuraje a ciki."

Safara'u ta kwashe da dariya, ta ce, "Ikon Allah! Har ƙwai ma yana agana?" Wannan ne karo na farko da na ji dariya a wurin nan.

Ya bayyana mata cewa ruwan lamba daga Ikko ake kawo shi, kuma 'yar'uwar agana ce marar ƙarfi. In aka ɗan tsaga fata aka shafa, sai ƙurji ɗaya ya fito, jiki ya koyi faɗa da ita, in babbar ta zo ta tarar an shirya. Sai ta ce, "Ashe abin da ya same ni ke nan, sai dai ni da babbar na koya."

Ya miƙa mata 'yar kwalba, ya ce likita yana son ɓawon ƙuraje a aika wa masu binciken. Ta shigo ta nemi izinina, ta ɓamɓari waɗanda suka bushe a hannuna ta zuba. Haka ɓawon hannuna ya tafi inda ni ban taɓa zuwa ba. Kafin ya tafi ta ce masa, "Akwai jinjirin Maijidda a gidan Luba. Da shi za ka fara." Ya yi masa a ranar. Lambar ta kama, Adamu ya yi ɗan zazzaɓi, agana kuwa ba ta taɓa shi ba.

Matsalar Malam Labaran ita ce gidaje. Maza da samari sukan fito ƙofar dagaci a yi musu, amma ba mai yarda baƙon namiji ya shiga wurin matarsa. Mata kuma da sun ji ƙararrawar kekensa sai su ɓoye yara, har cikin rumbu. Shi ya roƙi dagaci a bar shi ya koya wa Safara'u. Ta ce ba za ta bar bukkoki ba sai an sami wanda zai tsaya. Wani dattijo, Ɗanmaraya, wanda shi ma ya taɓa yin cutar, ya karɓi jinyar. Ta ƙone tufafinta, ta yi wanka da sabulu, ta zauna ta koyi yadda ake gasa allura a wuta, da yadda ake tsaga fata ba tare da jini ya zubo ba.

Ba kowa ya buɗe mata ƙofa ba. Uba mahauci ya tare ta a zaure ya ce ba za a sa wa 'ya'yansa ciwo suna lafiya ba. Ba ta yi musu da shi ba. Ta janye mayafinta, ta matso inda haske yake.

"Dube ni da kyau, Uba. Ba da wannan fuskar aka kawo ni garin nan ba. Shiga ka tambayi mahaifiyarka, ita ta yi mini lalle."

Tsohuwar tana ji daga ciki, ta ɗaga murya ta ce, "Bar ta ta shigo." Ya kauce.

A ruga kuwa ba ta sha wahala ba. Habiba, matar arɗo, ta ce ai shanunsu ma an yi musu allurar bushiya sun ga amfaninta, ta tara mata yara da kanta, ta cika mata ƙwarya da nono.

Akwai abin da ya ɓata mata rai har ƙarshen rayuwarta. Da bazara ta tsananta, zafi ya lalata wani ruwan lamba, waɗanda aka yi wa da shi bai kama ba. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, tana roƙon a bari ta sake. Yawanci sun yarda. Wani gida suka ƙi, 'yarsu ta kamu, ta rasu. Safara'u ta je gaisuwa ta zauna tare da uwar har aka share makoki. Tun daga nan a cikin jiƙaƙƙen rairayi take ajiye akwatin lambar da Malam Labaran ya ba ta, gindin randarta, kuma ba ta fita da shi sai da sanyin safiya.

Da damina ta faɗi cutar ta lafa, aka ƙone bukkokin. Ni na fita da tabo kaɗan a goshi da idanuna biyu garau. Safara'u ta ci gaba da aikin duk rani, ita da Malam Labaran, har Ɗansoshiya da Ƙofa, tana tafe a ƙasa ko a kan jakin aro. In aka haihu a unguwa, bayan suna sai ka ji ana cewa, "An kai wa Iya?"

Da ɗaya idon ya fara yi mata hazo, ta ce ba za ta tsaga fatar ɗan mutane da lalube ba. Ta mayar wa Malam Labaran akwatinsa, ta amsa kiran ƙanenta. Ranar tafiyarta matan da ba su saba fita ba suka nemi izinin mazansu, muka raka ta har bakin hanyar mota. Na so in yi mata godiya yadda ya dace, sai kuka ya ƙwace mini. Ita ce ma ta ce mini, "Ki daina kuka, ki kula da yaron nan, ya cika hawan katanga."

A Tudun Wada ta rasu, cikin jikokin ƙanenta, aka ce ba ta yi doguwar jinya ba. Allah ya jiƙan Iya Safara'u, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da Aljanna.