Maɓallan Hannun Hagu

Shekarun baya, lokacin Zamfara tana sabuwar jiha, ba ka jin hirar komai a majalisa sai ta Shari'a, ina ajin ƙarshe a poli a Ƙauran Namoda, ina karatun kwamfuta. Ana dab da miƙa firojet na leƙa gida Zurmi. A hanyar dawowa akuya ta gitta wa babur ɗin da na hau. Ita ta tashi ta kaɗe jikinta ta wuce, ni kuwa hannuna na dama ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da kara, ya ce kada in kuskura in motsa shi.

Dokar kuwa a fili take: wanda bai miƙa aikinsa ba sai baɗi. Ga manhajar da nake rubutawa ko rabi ba ta kai ba. Kwamfutocin makaranta ba su da yawa, kowa da lokacinsa, shi ma sai an kawo wuta.

Haka na koma ina tsattsagar haruffa da hagu kamar kaza. Wannan da sauƙi. Wahalar tana wurin umarnin da sai ka danne maɓalli a wannan gefe, ka taɓa wani a can gefe. Rannan har haɓa na sa na danne ɗaya, ɗakin duka aka kwashe da dariya. Na taya su, amma a raina na riga na sallama shekarar.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne abokina, mutumin Shinkafi. Da ya gama sai ya jawo kujera, ya ce in buɗe yatsuna a kan allon maɓallai ya ga iya inda suke kaiwa. Ya shiga saitin edita, wato manhajar da muke rubutu a ciki, ya riƙa nemo umarni ɗaya bayan ɗaya, na ajiyewa, na gwada aiki, na neman kalma, yana mayar da kowanne gefen hagu inda hannu guda zai isa. Kafin mako ya zagayo aiki ya fara gudu, har na soma yi wa masu hannu biyu iyayi.

Ni a zatona sau ɗaya aka saita, kwamfuta ta riƙe. Sai wata rana na yi sammako na tarar da shi zaune yana shigar da maɓallan nan daga farko. Ashe mai kula da ɗakin ya ce kwamfutar ta kowa ce, dole a riƙa mayar da ita yadda take don kada a rikita sauran ɗalibai. Kullum abokin nawa ke saita min kafin in zo, ya kuma dawo ya warware bayan na tashi. Duk a cikin nasa lokacin yake yi, ga nasa firojet ɗin a ajiye.

Na ce ya bari haka nan. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai dai zamna ka yi aikinka, malam. Ni hannuwana biyu lahiya lau suke, ina cim maka."

Na miƙa nawa a kan lokaci. Shi sai ranar ƙarshe ya miƙa, a gaggauce, kuma makin da ya samu bai kai ƙoƙarinsa ba, don duk ajin mun san ya fi ni iya aikin. Bai taɓa tayar da zancen ba. Ko yanzu in na ɗauko, sai ya mayar da hirar kan haɓata.

Na daɗe ina aiki da kwamfuta, na sha saita wa kaina maɓallai iri-iri, abin 'yan mintuna ne. Amma duk sanda na buɗe wurin saitin nan sai na tuna cewa akwai shekara guda a rayuwata da ban maimaita ba, kuma da lokacin wani aka biya ta. Allah Ya saka masa da alheri, ni dai ban iya ba.