Kawu Illo da Kanibon Layinmu

Duk wanda ya zauna layinmu na Sabon Gari ya san Kawu Illo, ƙanen uwata. Ana sallame asuba, shi ya riga ya naɗe wando ya faɗa kanibo, wato kwatar layi, da manjagara, yana kwaso leda yana masifa. Gidansa ne na ƙarshe a gangare, ginin ƙasa. In kanibon nan ya toshe, ruwan layi duka ɗakinsa yake kwana.

Kuma Kawu ba ya zubar da leda haka nan, sai ya gano mai ita! Ran nan ya yi sallama gidan Hajiya Rabi mai awara, kwando cike.

"Hajiya, ga ajiyarki."

"Kai Illo, ji tsoron Allah! Ledar Maraɗi duka tawa ce?"

"Sansana. In ba man awararki ba ne, ni in cinye ta."

Ba ta sansana ba. Wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa.

Lokacin zaɓe wani ɗan takara ya zo da makaɗa, ya ce in ya hau zai mana kanibo na siminti har bakin gulbi. Muna ta tafi, har da ni, don an ba mu riguna. Kawu ya kutsa ya miƙa masa manjagara.

"Ranka ya daɗe, wancan ma haka ya ce. Kai dai sauka ka ja sau uku, ƙuri'ata taka ce."

Mutumin ya dubi farar shaddarsa, ya yi dariya, ya shige mota.

Kawu ya ce, "To, sai shekara biyar in muna da rai."

Ya ci zaɓen kuwa. Ba mu sake ganinsa ba sai a jikin bango.

Ni na fi kowa shan wuyarsa, don tun da na bar lakwal, na ajiye boko, nake kabu-kabu. Wata rana na ɗauke shi a babur zuwa jana'iza a Tsibiri. Wayyo! Duk inda ya hango leda ta maƙale a ƙaya bakin gona, sai ya daki kafaɗata: "Tsaya!" Mun tsaya ya fi sau goma. Muna isa an dawo daga maƙabarta.

"Kawu, ka gani ko? Mun rasa salla!"

"Yaro, mamaci ba ya cin leda. Awakin mutane ke ci su mutu."

A hanyar dawowa na ce masa, "Wai mi ka samu? Ka kwashe yau, gobe ta dawo. Ƙasar nan ba ta gyaruwa."

Ya ce, "Ni na ce maka ƙasa nake gyarawa? Bangona nake tsaro."

Da bazara zazzaɓi ya kayar da shi, bayan kwana huɗu ya cika. Wurin zaman makoki kowa ya rantse za mu riƙa fita kwasa duk Lahadi. Mun fita sau ɗaya. Ni ma Lahadi ta biyu fasinja na samu zuwa Jiratawa.

Ruwan farko na bana, kanibo ya cika ya tumbatso. Kafin la'asar bangon Kawu ya zauna. Matarsa, Inna Hassu, muka fiddo da tabarma da tukunya biyu, yanzu tana ɗakin uwata. Kallon da ta yi mana, wallahi gara ta zage mu.

Allah Ya jiƙanka Kawu. Allah Ya sa kabarinka ya fi ɗakinka bushewa, Ya yafe maka, mu ma Ya yafe mana.