Kabarin Inna a Cikin Gyaɗa

Cocinmu na Katolika ginin ƙasa ne, a bayan ƙauyenmu da ke yamma da Ɗanbatta. Kakanninmu Maguzawa ne suka ɗora shi da hannunsu. Fada, wato limamin cocin, kan zo a babur sau ɗaya a wata, sauran Lahadi kuwa malamin coci ke ja mana addu'a. Mutum ne mai kafiya. Shi ya tsaya kai da fata cewa in za a binne namu, a sa kai yamma, ƙafa gabas, don ranar tashi mu miƙe muna duban fitowar rana. Haka muka kwantar da Inna a bayan cocin. Na kafa gicciyen katako, na ajiye wani baƙin dutse a wajen kanta.

Daga nan aka fara watsewa. Gona ta yi kaɗan, samari suka tafi Kano, ni ma na bi su. Da Kiristocin ƙauyen suka rage gida uku kacal, aka haɗe mu da cocin gari, Fada ya daina zuwa. Ruwa ya ci ginin, gara ta ci gicciye. A wajenmu ba a barin ƙasa ta kwanta, don haka dattawa suka ba maƙwabcinmu aron filin, wani tsoho musulmi da ya sha cin tuwon Inna, bisa sharaɗin kada garma ta taɓa kabari.

Shekara tara ban leƙa ba. Ba ni da hujja, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Da kaka na je. Tsohon ya taso daga gindin ɗorawa yana murna, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, zo ka ga Innarka. Amana ce, ban ci ba."

Ya ja ni tsakiyar gyaɗa. Ga baƙin dutsena nan inda na bar shi. Daga dutsen ya bar fili tsawon mutum, ya share shi tas, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Amma filin arewa ya miƙa. Tsohon bai taɓa ganin kabarin da ba kai kudu, ƙafa arewa ba, domin haka ake binne musulmi. Ya ga dutse, ya ce nan ne kai, ya auna yadda ya sani.

Inna kuwa tana gabas da dutsen. Na tsaya ina ƙirga kunya huɗu da suka ratsa ta, daga ƙirji zuwa ƙafa, gyaɗa ta yi lif a kai.

"Kowace shekara da kaina nake riƙe shanun a nan," in ji shi. "Yara ba su da hankali."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ɗora wa. Shi da ya yi shekara tara yana share ƙasar da babu kowa a cikinta? Ko ni da na san inda take na tafi abina? Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba."

Ya sunkuya ya tuge gyaɗa daga kunyar da ke gabas da dutsen, ya kakkaɓe ƙasar, ya cika mini aljihu.

"Nan wajen ta fi yin 'ya'ya," ya ce. "Ka kai wa yara."